Ƙofa Ƙarama, Aiki Babba: Lacca Kan Gyaran Ƙabar Bangon Ciki Ta Ƙananan Huji

An rubuto wannan lacca daga faifan murya. Mai jawabin likitan tiyata ne, masu sauraro kuma ɗaliban likitanci ne da ma'aikatan jinya da sauran jama'a. An rage maimaici da gyaran murya, sauran maganar an bar ta yadda ta fito.

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, abokan aiki, ɗalibai, da sauran jama'a, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna jina? To, madalla.

Akwai maganar da nake yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum zai shigo da ƙaba a cikinsa, ya ɗaga riga, ka ga kumburi kamar an kifa masa ƙwarya, sai ya ce, "Likita, na ji yanzu ba a yanka ciki, huji kawai ake yi. Irin wannan nake so." In na ce masa za a iya, amma aikin zai ci awa huɗu ko biyar, kuma sai ya shirya jikinsa na makonni kafin ranar, sai ya yi turus. A zatonsa tunda ƙofar ƙarama ce, aikin ma ƙarami ne. Wannan zato shi na zo in warware yau, domin ba marasa lafiya kaɗai ke yin sa ba. Har a cikinmu likitoci akwai masu yin sa, kuma namu ya fi illa.

Sai mun fahimci bangon ciki tukuna. Ku sa hannu a cibiyarku. Dama da hagu akwai miƙaƙƙun tsokoki biyu, sun taso daga ƙasan ƙirji sun sauka har ƙashin mara. Kowacce tana cikin kube, kamar wuƙa a kubenta, akwai bangon kube na gaba, akwai na baya. A tsakiya kuben biyu sun haɗu sun zama wani kauri mai ƙarfi da muke kira farin layi. A gefe kuma, wajen kwiɓi, akwai tsokoki uku shimfiɗe a kan juna, biyu a karkace, ta can ciki kuma a gicciye take kamar ɗamara. Duk ukun suna ja ne zuwa gefe, kuma farin layi ne ke riƙe da su. Can ƙarƙashin komai akwai tantani siriri da ya lulluɓe hanji. Ku riƙe wannan hoto a zuciya: farin layi a tsakiya, masu ja a gefe. In farin layi ya tsage, masu ja ba za su daina ja ba. Kullum suna ja, da tari, da atishawa, da nishi, da ɗaukar kaya. Shi ya sa ƙaba a jikin babban mutum ba ta rufe kanta, sai dai ta ƙara faɗi.

Yawancin manyan ƙabobin da nake magana a kansu mu ne sanadinsu. Ina nufin ƙabar tabon tiyata. An buɗe ciki ta tsakiya saboda hanji ya toshe, ko ya ɓule, ko an yi hatsari, aka ceci rai, aka ɗinke. Fata ta warke sumul, amma farin layi a ƙarƙashi bai kama ba. Bayan wata shida, ko shekara, ko biyu, sai kumburi ya bayyana. A cikin mutum goma da aka buɗe wa ciki ta tsakiya, ɗaya zuwa biyu za su gamu da wannan, kuma adadin yana hawa in akwai ƙiba ko mikin ya yi mugunya.

To wacce ce muke ce wa mai sarƙaƙiya? Ƙungiyar likitocin ƙaba ta Turai ta fitar da ma'auni a 2009, ta kasa faɗin ɓulin gida uku: ƙasa da santimita 4, daga 4 zuwa 10, sai 10 zuwa sama. Wannan na ƙarshe shi ne babba. Amma faɗi ba shi kaɗai ne ba. Ƙabar da aka gyara sau biyu, sau uku, tana dawowa, akwai tsohuwar raga, wato ragar roba da likitoci ke shimfiɗawa don ƙarfafa bangon ciki, a nannaɗe a ciki, mai sarƙaƙiya ce ko da ɓulin bai kai tafin hannu ba. Haka wadda ke dab da ƙashi, a ƙarƙashin haƙarƙari ko a kan ƙashin mara, inda babu naman da za ka kama ka ɗinka. Haka ta kwiɓi. Haka wadda ke gefen ƙofar da aka fitar da hanji don bahaya. Sai kuma uwa-uba, wadda hanji ya yi ƙaura. Zan dawo kanta.

Shekaru da yawa abin da ake yi shi ne a jawo baki biyu na ɓulin a ɗinke da zare. Ku tuna masu ja a gefe. Ka ɗinke abin da ake ja, zaren zai yanka naman sannu a hankali, kamar yadda igiya ke cin bakin rijiya. Likitoci a ƙasar Holan sun gwada wannan yadda ya kamata, suka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu ɗinki kawai, wasu da raga. Sakamakon ya fito a 2000: bayan shekara uku, ƙaba ta dawo a kashi 43 cikin ɗari na masu ɗinki, kashi 24 na masu raga. Suka ci gaba da bin mutanen, a 2004 suka fitar da lissafin shekara goma: kashi 63 da kashi 32. Kuma fa waɗannan ba manyan ƙabobi ba ne, ƙanana ne da matsakaita. Daga nan gardamar ko a sa raga ko kada a sa ta mutu ga ƙabar tabo. Amma ku lura da lamba ta biyu. Ko da ragar, kusan mutum ɗaya cikin uku ƙabarsa ta dawo. Wato sa raga kawai bai isa ba. Tambayar da ta rage, kuma ita ce zuciyar wannan lacca, ita ce: a wane bene za a shimfiɗa ta?

Raga irin ta roba ta shigo aikin nan ne tun ƙarshen shekarun 1950 ta hannun Francis Usher a Amurka. Amma waɗanda suka koya mana inda ya dace ta kwanta Faransawa ne biyu, Jean Rives da René Stoppa, a shekarun 1960 da 1970. Suka ce a buɗe kuben miƙaƙƙiyar tsoka, a shimfiɗa raga mai faɗi a bayan tsokar, a gaban bangon kube na baya. Hikimar a fili take ga duk wanda ya taɓa toshe bokiti mai yoyo. In ka manna faci daga waje, ruwan zai ture shi. In ka manna daga ciki, nauyin ruwan ne da kansa zai danne shi a kan ɓulin. Ragar da ke bayan tsoka, duk nishin da mutum ya yi ƙara manne ta yake. Ga shi kuma ta jingina da tsoka mai wadatar jini, nama na shiga idanunta da wuri, in ƙwayoyin cuta sun zo jiki na iya yaƙarsu. Sannan ba ta taɓa hanji. Har gobe wannan aiki na Rives da Stoppa shi ne ma'aunin da ake gwada kowace sabuwar dabara da shi. Aibinsa guda ne, sai an yi dogon yanka. Dogon yanka kuma a cikin mai ƙiba ko mai ciwon sukari, gayyatar mugunya ce. Mugunya a kan raga kuwa, wanda ya taɓa jinyarta ya san me nake nufi. Watanni ana wankin miki, wani lokacin a ƙarshe a koma a ciro ragar, a dawo inda aka fara, ko ma baya da nan.

A nan ne kyamara ta shigo. A tsakiyar shekarun 1980 Erich Mühe a Jamus da Philippe Mouret a Faransa suka fara cire matsarmama ta ƙananan huji, cikin 'yan shekaru abin ya game duniya. Yadda ake yi, ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki har ya tashi kamar tanti, a kan matsin da bai wuce 12 zuwa 15 ba a ma'aunin da muke amfani da shi. A zura bututu uku ko huɗu, faɗin kowanne rabin santimita zuwa santimita ɗaya da ɗan abu, ɗaya na kyamara, sauran na dogayen almakashi da hantsaki. A 1993 Karl LeBlanc da William Booth suka ba da rahoton gyaran ƙabar tabo ta wannan hanya. Sukan shiga cikin ciki, su ɓanɓare hanjin da ya manne, su mayar da shi, sannan su ɗora raga a rufin cikin daga ciki, ta zarce bakin ɓulin, daga baya aka tsayar da kamar santimita 5 ta kowane gefe, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi da zare.

Ina so in yi wa wannan dabara adalci, don ta taimaki mutane da yawa kuma har yanzu tana da gurbinta. Mugunyar miki ta ragu ƙwarai. Kwanakin asibiti sun ragu. Amma mun biya farashi, kuma sai da shekaru suka tafi muka ga girmansa. Na farko, a salon farko ba a rufe ɓulin, gada kawai ake yi masa da raga. Tsokoki na nan a rabe, mutum ya warke amma cikinsa na nan a turo, in ya zo tashi daga kwance babu ƙarfi. Na biyu, ƙusoshin nan suna da ciwo, wani sai ya fi na yanka. Na uku, kuma shi ya fi damuna, an ajiye baƙon abu fuska da fuska da hanji har ƙarshen rayuwa. Ana shafa wa ragar wani rufi don kada hanji ya manne, amma rufin ba ya hana mannewa baki ɗaya. Duk likitan da ya taɓa komawa cikin da aka sa wa irin wannan raga, yana ɓanɓare hanji daga jikinta milimita bayan milimita, ba ya mantawa. A 2016 ma sai da aka janye wata irin wannan raga daga kasuwa, bayan kundayen bibiyar marasa lafiya na Denmak da Jamus sun nuna ƙaba ta fi dawowa a kanta. Wannan ya koya mana darajar rubuta sakamako da bin mutane shekara da shekaru.

Kun ga abin da ya faru? Don mu ƙanƙanta ƙofa, sai muka sauya aikin da ke ciki, muka bar mai kyau muka ɗauki wanda kayan aikinmu za su iya. Abin da ya canja fagen nan a shekarun baya-bayan nan shi ne komawa ga tambayar da ta dace: ta yaya za a yi ainihin aikin Rives da Stoppa, amma ta ƙananan huji?

Amsar ta zo daga wurare da dama. Jorge Daes na Kolombiya ya bayyana a 2012 yadda ake faɗaɗa wurin aiki a wajen tantanin hanji don gyaran ƙabar matsematsi, sai Igor Belyansky da abokan aikinsa suka ɗauko dabarar zuwa ƙabar bangon ciki, suka buga a 2018. Ɗalibai, za ku gan ta a littattafanku da haruffan eTEP. Bari in zana muku. Ba ka shiga inda hanji yake. Bututun farko kana zura shi ne cikin kuben tsoka, a bayan tsokar, ka hura iska a nan. Wurin da a da babu shi, sai iska da ɗan turi su buɗe maka ɗaki. Ka share ɗakin nan daga sama har ƙasa. Sannan ka zo wurin da ya fi wuya, tsallakawa zuwa ɗaya gefen. Sai ka yanka bakin kuben ta ciki, ka bi ta cikin kitsen da ke bayan farin layi, ba tare da ka huda farin layin ba, ba tare da ka yaga tantani ba, ka buɗe kuben ɗaya tsokar. Ɗakuna biyu sun zama zaure guda. Ka mayar da abin da ya fito, ka ɗinke bangon baya ya zama dabe tsakaninka da hanji, ka ɗaga kai ka ɗinke farin layi a rufi, tsokoki biyu su dawo kafaɗa da kafaɗa. Sannan ka naɗe raga kamar tabarma, ka zura ta bututu, ka warware ta ta cika zauren. Raga ce ta yau da kullum mai manyan idanu, ba ta buƙatar rufi na musamman, sau da yawa ba ta buƙatar ƙusa ko ɗaya, don tana matse tsakanin bene biyu. A Hambog ta Jamus kuma Wolfgang Reinpold ya bi ta wata hanyar zuwa wannan zauren, da ɗan gajeren yanka a kan ƙabar da kayan aiki masu fitila. Ƙofa daban, masauki ɗaya.

To in ɓulin ya yi faɗin da tsokoki suka ƙi haɗuwa fa? Muna iya hango wannan tun kafin ranar aiki, daga hoton siti-sikan, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, wanda a ganina bai kamata a taɓa babbar ƙaba ba tare da shi ba. Akwai ɗan lissafi da ake jingina wa Alfredo Carbonell: ka auna faɗin miƙaƙƙun tsokoki biyu ka haɗa, in jimlar ta ninka faɗin ɓulin sau biyu, galibi za su haɗu salin-alin. In ba ta kai ba, ka shirya sassauta masu ja. A 1990 Oscar Ramirez ya nuna cewa in aka tsaga shimfiɗar tsokar gefe ta waje, bango zai matso tsakiya har kusan santimita 10 ta kowane ɓangare a daidai ƙugu. Babban ci gaba ne, sai dai don ka kai wurin dole ka ɗaye fata da faɗi, ka yanke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita, fatar takan mutu a gefen miki. Sai Yuri Novitsky ya zo a 2012 da sassauci daga baya, wanda ake taƙaitawa da TAR. Daga cikin zauren nan da muka buɗe, kana tsaga bangon kube na baya kusa da gefensa, ka tarar da tsokar gicciye, ka yanke zarenta, ka shiga bayanta. Daga nan hanya a buɗe take har kusa da gadon baya, sama har ƙarƙashin tantanin numfashi, ƙasa har bayan ƙashin mara. Dabe ya samu sakewa, raga mai faɗin gaske ta samu wurin kwanciya, fata kuma ba a taɓa ta ba. Wannan ma yanzu ana yin sa ta ƙananan huji.

Amma ɗalibai ku buɗe kunne a nan. Jijiyoyin da ke ba miƙaƙƙiyar tsoka umarni suna shigowa ne daidai gefen kuben nan. Tsakanin inda ya kamata ka yanka da inda suke, abin bai wuce santimita ɗaya ba. Ka kauce ka yanke su, tsokar ta shanye har abada. Ka ƙara kaucewa ka tsinke mahaɗar tsokokin gefe, ka haifar da sabuwar ƙaba a kwiɓi wadda ta fi ta farko wuyar gyara nesa ba kusa ba. Na karɓi wata baiwar Allah da aka yi wa haka a wani wuri. Fatar cikinta tsaf, tabo biyar ƙanana kamar cizon sauro, amma gefen cikinta na dama ya zubo kamar buhun da aka kwance wa baki. Ta ce mini, "Likita, ai an ce mini ƙaramin aiki ne." Wannan kalma ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Hujin da ta gani ƙanana ne, gaskiya, amma abin da aka yanka a ciki ba ya komawa. Mun yi mata abin da za mu iya, ta samu sauƙi, amma tsokar da jijiyarta ta mutu ba ta dawowa. Wanda bai ga aikin nan a buɗe sau da yawa ba, bai yi shi a ƙarƙashin idon gwani ba, kada ya fara shi ta kyamara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tura mara lafiya wurin wanda ya fi ka ba gazawa ba ce.

Hatsari na biyu shi ne huda hanji ba a sani ba yayin ɓanɓarewa. In ka gani ka ɗinke, da sauƙi. In ba ka gani ba, mutum zai farka lafiya, bayan kwana ɗaya ko biyu zuciya ta fara gudu, zazzaɓi, ciki ya ɗaure. Ma'aikatan jinya, wannan naku ne. Wanda aka yi wa aiki ta ƙananan huji kamata ya yi kowace safiya ta fi jiya. In yau ta fi jiya muni, kada ku ce ai huji ne kawai, ku kira likita, in bai zo ba ku sake kira.

Na san kuna jiran maganar robot. Na'urar da Vinci ta samu izinin aiki a Amurka a 2000. Ba ita ke yin tiyata ba, likita ne zaune a gefe yana sarrafa hannayenta. Fa'idarta a wannan aiki ta gaske ce: bakin kayan aikinta yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, kuma ɗinki a rufin ciki, wanda da miƙaƙƙiyar sandar laparoskofi, wato aikin kyamara ta ƙananan huji, yake gajiyar da kafaɗa da ƙwaƙwalwa, da ita yana zuwa da sauƙi. Amma a ƙananan ƙabobi da matsakaita an gwada ta da laparoskofi na yau da kullum ta hanyar ƙuri'a. Wani gwaji daga Kilibland ta Amurka da aka buga a 2021 ya tarar ciwon bayan aiki ɗaya ne, amma lokacin aiki minti 146 ne da robot, minti 94 ba tare da ita ba, ga ƙarin tsada. Wani daga Hostan, ita ma a Amurka, a 2020 ya tarar kwanakin asibiti ba su bambanta ba. Inda nake ganin ta fi amfani shi ne a babban aikin sassauta tsoka, inda galibi ɗaya zaɓin shi ne dogon yanka. A nan rahotanni na nuna mutum na komawa gida da wuri sosai. Sai dai mu riƙa tunawa cewa sau da yawa masu sauƙin cikin manyan ake zaɓar wa robot, mafi munin a buɗe su, don haka kwatancen yana da ɗan son kai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da zan tambaya shi ne bayan shekara biyar, bayan goma, ƙabar wa ta dawo.

Yanzu hanjin da ya yi ƙaura. Wani ya shekara goma da ƙaba, kaso mai yawa na hanjinsa yana zaune a jakar waje, ainihin cikin kuma ya tsuke tunda babu mai zama. Likitoci a Sawo Fawlo ta Barazil sun nuna a 2010 yadda ake auna girman jakar da girman cikin a siti-sikan, suka ɗauki kashi 25 cikin ɗari a matsayin iyakar da ke buƙatar shiri na musamman. In ka tura hanjin nan ciki da ƙarfi ka rufe, matsi zai tashi, ya danne huhu, numfashi ya gagara, ƙoda ta rage fitsari. Mutum na iya rasa ransa a kan gyaran da ya yi kyau a ido. Dabaru biyu muke da su, kuma dukansu daga Latin Amurka suka fito. Tun shekarun 1940 Goñi Moreno na Ajantina ya fara hura iska a ciki kaɗan-kaɗan, kwana bayan kwana, har ɗakin ya buɗe. A 2009 kuma Tomás Ibarra-Hurtado na Meziko ya kawo allurar Botox, maganin da ke kashe ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, a tsokokin gefe. Ana yin ta kamar wata guda kafin aiki, masu ja su saki jiki su yi tsawo, bayan 'yan watanni ƙarfinsu ya dawo, lokacin gyaran ya kama. Irin wannan ƙaba, da wadda fatarta ta yi siriri ko ta yi gyambo, da wadda ke da ruɓaɓɓiyar raga ko hanji mai yoyo, yawanci buɗewa ce maslaha, kuma ba na jin nauyin faɗa wa mara lafiya haka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shan taba ya bari aƙalla mako huɗu kafin aiki, don taba na hana nama samun iskar da zai warke da ita. Mai ciwon sukari a ga gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku ya sauko ƙasa da 8. Mai ƙiba ya rage, da yawa daga cikinmu ba ma son taɓa ƙabar da ba ta gaggawa ba in ma'aunin ƙiba ya haura 40. Mai tari a magance tarin. Wani zai ji kamar ana ja masa rai ne. Amma gyaran farko shi ne dama mafi kyau da mutum zai samu, kowane na bayansa yana tarar da nama mafi rauni da tabo mafi yawa.

Bari in tsaya a nan in ji tambayoyinku.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce: Ranka ya daɗe, marasa lafiya kan dawo bayan sati biyu a tsorace, wai kumburin ya dawo. Me za mu ce musu?

Na gode, Sista. Mafi yawan lokaci ruwa ne ya taru a gurbin da jakar ta bari. Jiki ba ya son wuri fanko, sai ya cika shi. Yakan tsotse da kansa cikin makonni, wani lokaci watanni. Kada kowa ya yi gaggawar soka allura ya zuƙe, don kowace sukar allura hanya ce da ƙwayoyin cuta za su bi su kai ga raga. A duba dai, in wurin ya yi ja, ya yi zafi, ko akwai zazzaɓi, ko amai, wannan likita zai gani a ranar. Amma tun kafin aiki ya kamata mu gaya musu za a iya ganin haka, tsoron zai ragu.

Wani dattijo ya ce: Likita, ni ina da ita shekara shida, ba ta damuna sosai. Dole ne sai an yi?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan yanke maka hukunci daga nan ba sai an duba ka, don akwai wanda jira da sa ido ya fi masa, musamman in zuciya ko huhu ba su da ƙarfi. Ɗamarar ciki tana rage nauyi amma ba ta rufe ɓuli. Abin da nake roƙonka ka riƙe shi ne wannan: ranar da kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa in ka kwanta, ciwo ya tsananta, ga amai, bahaya da iska sun tsaya, to hanji ya shaƙe. Lissafin awoyi ne, ba na kwanaki ba. Kada a jira gari ya waye, kada a tsaya danna shi da ƙarfi.

Wani ɗalibi ya ce: Malam, mu da ba mu kai ga waɗannan manyan ayyuka ba, ina namu a ciki?

Naku ya fi nawa girma, ɗana. Wa ake bar wa rufe ciki da ƙarfe uku na dare, bayan babban likita ya cire safar hannu? Ku ne. A 2015 likitocin Holan suka fitar da gwajin da ya kwatanta ɗinki mai manyan taku, santimita ɗaya-ɗaya, da mai ƙananan taku, milimita 5 daga baki, milimita 5 tsakani. Bayan shekara guda, ƙaba ta fito a kashi 21 cikin ɗari na masu manyan taku, kashi 13 na masu ƙanana. Babu na'ura, babu kyamara, allura ce ƙarama da zare mai narkewa a hankali da haƙurin 'yan mintoci. Ka kama farin layi kaɗai, ban da kitse, ban da tsoka. Kada ka ja zaren har nama ya yi fari. Kuma zaren da ya shiga mikin ya kai aƙalla ninki huɗu na tsawon mikin. In mikin santimita 20 ne, zare santimita 80 zai shiga. Ka auna mikin kafin ka fara, ka auna ragowar zaren in ka gama, ka rubuta lissafin a takardar aiki. In bai kai huɗu ba, ka warware ka sake.